Sandunan Baba a Lungun Tsohon Gari

Mu ba masunta ba ne tun asali, manoma ne da ruwa ya tarar a gida. Lokacin da aka datse kogi aka yi dam ɗin Tiga, garinsu Baba na cikin waɗanda aka ce su tashi. Aka kwaso su zuwa kan tudu aka ce ga sabon gari, a nan aka haife ni. Ban taɓa ganin tsohon garin ba, amma na san shi kamar na yi tallar gyaɗa a lungunansa, domin Baba ba ya iya nuna maka ruwa ya ce ruwa ne. Sai dai ya ce, “Ka ga inda jirgin can ya tsaya? Ƙofar gidan liman ke nan.” Kamun kifi daga baya suka koya wurin baƙin masunta, kuma har yau in Baba ya riƙe filafilin tuƙa jirgi, riƙon fartanya yake yi masa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ta rasu yana saurayi, ana gab da tashi, aka binne ta a maƙabartar garin, ba a jima ba ruwa ya rufe wurin. Shi ya sa duk shekara, in damina ta ƙare ruwa ya cika ya tsaya, Baba yakan sari dogayen sandunan gora ya loda a jirgi, ya nufi wani lungu da ruwan ya yi tsakanin tudu biyu. Lungun Tsohon Gari muke ce masa. A can yake kakkafa sandunan a kewaye, duk abin da ke cikinsu maƙabarta ce. Ba a jefa birgi, ba a jan taru, ba a kafa kalli, kowace irin raga dai an hana. Sarkin ruwa ya san da dokar, baƙon masunci ma ranar da ya sauka ake gaya masa, kuma ban taɓa jin wanda ya yi gardama ba. Wa zai ja taru a kan iyayen mutane?

Da yake ba a taɓa wurin, sai ciyawa ta samu sake, kifi kuma ya mai da shi ɗakin haihuwa. Sau ɗaya Baba ya kai ni ina yarinya, na yi ta kuka tun daga gaɓa, ya ce in yi shiru in leƙa. Karfasa ta haƙa ramuka a yashi kamar an jera kwanuka, in inuwarmu ta faɗa kansu sai uwar ta buɗe baki ’ya’yan su shige. Kifin bargi kuma ya share ciyawa ya yi gida zagayayye, ’ya’yansa baƙaƙe suna tasowa sama a dunƙule su koma, shi yana kewaya su. Kowane masunci ya san kifin da yake kamawa a zurfi a nan aka haife shi. Amma in ka tambayi dalilin hana wurin, kabari za a ce maka, ba kifi ba.

Ni dai tsoron ruwan nan nake ji, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ruwan da ya cinye gari sukutum da masallacinsa da kasuwarsa, ni wace ce? Na girma, na yi aure a unguwar da ke bayan ta su Baba, ina bandar kifi, ana yi mini dariya wai ina cin arzikin abin da ko ƙafa ba na iya tsomawa a ciki. Na ce a yi ta yi, kifin ai a tudu yake zuwa ya same ni.

Wata shekara damina ta yi rowa, da rani kuma aka saki ruwa ga masu noman rani na ƙasa kamar kullum. Ruwa ya yi ta ja da baya har inda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da bazara ta kama, bakin lungun nan ya toshe. Laka ta taso ta raba shi da uwar ruwa, wato babban dam ɗin, ya zama tafki mai zaman kansa, ’ya’yan kifin duk suna ciki, waɗansu kamar yatsa, waɗansu ba su kai ba. Rana tana shan rabonta ta sama, injinan ban ruwa suna shan nasu ta gefe, har da na yayana, wanda ya yi albasa a bakin wurin. Da safe in ka je sai ka ga saman ruwan ya yi baƙi da ƙananan bakuna suna haki. Zalɓe da balbela suka tare kamar an gayyace su biki. Masu tace ruwa da gidan sauro ma suna zagaye daga nesa, suna jiran ranar da za su samu kafa.

Baba ya ce a haƙa hanya ta cikin lakar zuwa uwar ruwa, tunda tafkin ya ɗan fi tudu, in an buɗe masa zai gangara da abin da ke cikinsa. Sarkin ruwa ya ce magana ce mai kyau, a haɗa gayya. Amma lokacin cirar albasa ya matso, kowa ka taɓa sai ya ce in Allah ya kai mu jibi. Sai Baba ya saɓa shebur ya tafi shi kaɗai, mutumin da in ya durƙusa alwala sai ya dafa bango yake miƙewa.

A makon ne saniyar wani Bafulatani ta shiga shan ruwa ta ɗaya gefen, ƙafafunta suka nutse. Aka yi ta ja da igiya har rana ta karkata, tana ƙara shigewa. A ƙarshe a inda take aka yanka ta, aka feɗe abin da hannu ya kai, sauran aka bar wa laka. Na ga ƙahonta da idona. Mai saniyar ya tare ni a hanya ina ɗauke da furar Baba, ya ce, “Baiwar Allah, dattijon can naku ne? Ku hana shi. Lakar nan samanta ne kawai ya bushe, cikinta kunu ne.”

Na ƙara sauri. Na sami Baba tsaye cikin laka har gwiwa, na gaishe shi, na ajiye fura, sannan na fara.

“Baba, don girman Allah ka fito. Saniya ma da ƙarfinta ba ta fita ba.”

“Saniya baƙuwa ce, Uwata, ba ta san gari ba. Kududdufin bayan gidan maƙera ta faɗa, inda muke ɗibar ƙasar gini.”

“To kai ka san me kake takawa?”

“Hanyar maƙabarta. Tsakuwa ce zalla a ƙasa. Ni na bi ta da makara a kafaɗata, ke za ki gaya mini?”

Abin da ya fi ba ni haushi, kuma ya fi ba ni tsoro, shi ne yadda yake tafiya a wurin. Fili ne fetal, baƙar laka ba komai a kanta sai sawun tsuntsu, amma Baba ba ya miƙewa. Sai ya yi gaba kaɗan ya karya dama, ya ɗan taɓa tafiya ya karya hagu, yana kewaya katangun da suka narke tun ba a haife ni ba. Na tambaye shi me ya sa yake wahalar da ƙafarsa ga hanya nan a miƙe. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce shi ba zai ratsa ta tsakar gidan mutane ba. Ramin da yake haƙa ma haka ya tafi a karkace, don lungu yake bi.

Na kai ƙara wurin yayana. Ya ce ya yi magana har ya gaji, tsoho ya ce in yana so ya fito to ya kashe injinsa, shi kuwa kashe inji yanzu asarar wahalar rani ce gaba ɗaya. Na zage shi iya zagin da ƙanwa take yi wa wanta, wato a zuci, na dawo gida. In na ji an ɗaga murya a waje sai in ce shi ke nan an zo gaya mini. Fura kuwa na hana a aiki kowa, da kaina nake kaiwa don in gan shi a tsaye.

Ranar da abin ya faru ana gab da azahar, rana ta take. Na hau ɗan tudun da ake hango lungun, na ga shebur a kwance, na ga hular Baba, amma sai na ga ya yi gajere. Na ɗauka durƙusawa ya yi yana kwasar laka da hannu. Na tsaya ina jira ya miƙe, bai miƙe ba. Ƙwaryar furar ban san inda ta faɗi ba.

Daga wajen uwar ruwa ya faro haƙan, ranar kuwa ya kusa isa tafkin. Ya nutse har ƙugu daidai gindin wata sanda, inda yake cewa ƙofar maƙabarta ce. Na yi kururuwa na doshi wurin, ya ɗaga hannu. “Tsaya nan, kada ki tako! Je ki kira yayanki.” Muryarsa a natse take, wannan ya ƙara firgita ni. Lambun ba nisa, amma inji yana ruri, sai da na isa na damƙi rigar yayana sannan ya waiwayo. Ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba, ya kashe injin ya ƙwala wa maƙwabtan lambu kira.

Aka jefa wa Baba igiya ya ɗaura a ƙarƙashin hammata, maza suka ja. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ta daga bakinsa ba, ya ce su bari, za su raba shi biyu. Suna saki ya ƙara shigewa, laka ta kai ƙirji. Na tuna saniyar. Wani dattijo cikin masu lambu ya ce ja ba ya fitar da mutum daga irin wannan, sai an tura ruwa ƙasa da tiyo an kwance lakar da ta riƙe ƙafar. Aka ciro zanan shinge aka shimfiɗa a kan laka, aka matso da inji. Yayana ya hau da rarrafe, zanan ya lotsa, baƙin ruwa ya taso ta cikin saƙar, aka janyo shi baya. Wani ya gwada, haka. Duk ƙarti ne, noma ya cika musu jiki. Sai na ga ana dubana, ni da ake yi wa tsiya wai iska mai ƙarfi za ta iya kai ni har garin Dangora.

Ba jarumta na yi ba, kuka nake wiwi. Na ɗaure zanena tamau, na kwanta rub da ciki a kan zanan, tiyo a hannu, igiya a ƙuguna. Duk sanda na ja ciki sai in ji ƙasa tana lotsawa tana dawowa a ƙarƙashina, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Dab da fuskata ga ’ya’yan karfasa da ruwa ya gudu ya bari, waɗansu sun bushe sun manne, waɗansu suna motsa baki. Na karanta duk addu’ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci. Da na isa, na ga jijiyoyin wuyan Baba sun tashi, da ƙyar yake jan numfashi.

Na tura tiyon ƙasa ta gefen cinyarsa iya tsawon hannuna, na yi ihu a tayar da inji. Ruwa ya zo da ƙarfi har tiyon ya nemi ƙwacewa, laka ta fara ɓulɓula tana fallatsa mini a ido. Na ce, “Baba, motsa ƙafarka a hankali.” Hannunsa ɗaya yana cikin laka yana lalube, fuskarsa kuma ta canza, ba irin ta mai jin zafi ba.

“Uwata, kawo hannunki.”

“Baba, ka riƙe igiya!”

“Kawo hannunki na ce.”

Ya kama wuyan hannuna ya tura ƙasa, ya ɗora a kan wani abu mai tauri, lanƙwasasshe, da tsaga-tsaga masu zurfi a gefensa.

“Kin ji? Cin igiyar guga ne. Rijiyar masallaci ce wannan. Ita kaɗai aka yi wa baki da siminti a garin.”

Ni a lokacin ko rijiyar wa ce bai dame ni ba. Abin da na fahimta kawai shi ne a bakin rijiya muke, ni da shi, kuma ba wanda ya san zurfin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Na fasa ihu na ce su ja, amma a hankali. Ƙafa ɗaya ta fito da sauti kamar an zare muciya daga tuwo, sannan ɗayar. Aka jawo mu a kan zanan. Wandonsa da takalmansa suna can har yau, mayafina aka rufa masa. Mutane suna ta hamdala suna yi masa sannu, shi ko kallonsu bai yi ba. Yana zaune yana rawar sanyi cikin wannan zafin, idonsa can wajen yamma, inda jirage suke jan taru.

A yammacin ranar kunya ta fito da maza, da shebur da katakai. Suka kauce wa rijiyar, washegari suka fasa bakin tafkin. Na je na gani daga tudu. Ruwan ya bi ramin Baba a karkace, lungu-lungu, ’ya’yan kifi suna bin sa kamar jerin tururuwa. Da yawa sun mutu kafin nan, tsuntsaye ma sun ci rabonsu a hanya, amma abin da ya fita ba kaɗan ba ne. Na ruga in yi wa Baba albishir, na tarar da shi kwance da zazzaɓi, fuska ga bango. Ya ce madalla, bai juyo ba.

Da ya ɗan warware ya kira ni da yayana ɗakinsa. Ya ce masallaci a tsakiyar gari yake. Maƙabarta kuwa tana yamma, sai ka wuce marina, ka wuce gonakin bayan gari, inda ƙasa ta fara gangara wa kogi. In rijiyar masallaci tana gindin sandarsa, to abin da ya yi shekara da shekaru yana kewayewa tsakiyar gari ne da kasuwa. Maƙabarta tana can cikin zurfi, inda kowa yake jan taru, har da ɗansa.

Yayana ya ce ta yaya haka za ta faru. Baba ya ce a shekarun farko akwai kukoki biyu na maƙabartar da kawunansu suka fito saman ruwa, a rassansu yake ɗaura alama. Kuka ba ta jure ruwa, suka ruɓe suka faɗi, sai ya koma kafa sanda da ƙiyasi. Sanda kuwa sai inda ta taɓa ƙasa take kafuwa. In ya zura bai ji ƙasa ba, sai ya ɗan matso wajen gaɓa ya ce ai duk ɗaya ne. Bana kaɗan, baɗi kaɗan. “Na jawo uwata har cikin kasuwa ban sani ba,” in ji shi. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Wani sabon tsoro ya shige ni a ɗakin nan. Na san Baba, zai faɗa. In kuwa ya faɗa, abin da ya tsare lungun ya tashi, masu gidan sauro ba sai an gaya musu sau biyu ba. Abin mamaki, yayana ne ya riga ni magana. Ya ce, “Baba, wa ya ji? Inji yana ƙara, daga kai sai ita. A bar shi yadda yake. In aka buɗe wurin nan, ba za a jima ba za mu riƙa dawowa da kwando wayam.” Na ce ni ma ba mai ji daga bakina.

Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. “Ba ku ga duk jirgin da ya wuce sandunan nan sai an ɗaga hannu an yi fatiha ba? In bar bayin Allah suna yi wa rijiya addu’a, ina sane? Da ban sani ba, Allah ya ga zuciyata. Yanzu na sani.”

Ranar Juma’a bayan an sallame salla Baba ya miƙe ya faɗa. Mijina ne ya kawo mini labarin. Ya ce samari sun yi dariya ƙasa-ƙasa, wani har da cewa ashe kifin kasuwa aka hana su ci. Sarkin ruwa ya tsawatar. Ya ce wuri ɗaya aka saba bari, wuri ɗaya za a bari, ba za a rufe biyu ba don mutane da iyali suke. In ruwa ya cika, inda dattijo ya sa alama nan ne. In lungu ya zaɓa, sanda. In zurfi, a ɗaura wa jarkoki dutse su tsaya a sama.

Damina ta sauka ta yi kyau, ruwa ya dawo ya rufe rijiyar da ramin. Ni kuwa ban ji daɗinta ba. In na je gaishe da Baba sai in saci kallon bayan ɗakinsa. Ga sandunan gora ya sara ya jingine, ga kuma jarkoki ya tara yana tufka musu igiya da hannunsa. Na kasa tambayarsa. Wace irin ’ya ce za ta ce wa ubanta ya bar uwarsa ƙarƙashin taru saboda karfasa? Masu gidan sauro kuwa sun haɗe nasu biyu-biyu sun ɗinke, a fili suke shanya su.

Da ruwa ya tsaya, wata safiya ya aiko in zo in raka shi. Na ce ni, a jirgi? Aka ce haka ya ce. Na je ina salati. Yayana ne da filafili, Baba a gaba, ni a tsakiya na ƙanƙame katako da hannu biyu, sanduna ta damana, jarkoki da duwatsu ta haguna. Gaɓa cike da mutane, kowa ya yi kamar gyaran raga ya fito.

“Yamma,” in ji Baba.

Yayana ya juya kan jirgin. Muka bar lungun a baya, ruwa ya sauya daga ja-ja zuwa baƙi, na daina kallonsa na koma kallon ƙeyar Baba. Yana magana ƙasa-ƙasa, ga marina, ga gonar wane. Can ya ce a tsaya, jirgi ya tsaya yana lilo. Ya ce shi ba zai rantse ba, amma nan ne ko kusa da nan. Ya ɗaga hannu muka ɗaga. Ya daɗe yana addu’a, ya kira sunan mahaifiyarsa, wanda ban taɓa jin ya furta ba. Da muka shafa, yayana ya sunkuya ya ɗago dutse ɗaya da jarkarsa, ya dubi Baba.

“Mayar,” in ji Baba. “Ita ta riga ta kwanta, ƙasa ta rufe ta, ruwa ya rufe ƙasa. Taru ba ya isa gare ta. ’Ya’yan kifin can kuwa ko gidan sauro ya ishe su. Juya mu.”

A lungun ya kakkafa sandunansa inda ya saba, yayana yana taya shi dannawa. A hanyar dawowa muka hango wani jirgi har ya isa inda muka yi addu’a, mutum biyu suna zuba taru. Ba laifi suka yi ba. Baba ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hannun riga, bai buɗe ba sai da jirginmu ya daki gaɓa.

Sandunan suna nan, kuma ya zuwa yau ban ji an jefa raga a cikinsu ba. Amma yanzu ba kabari ke tsaron wurin ba, kunyar tsoho ɗaya ce, tsohon kuwa bana sai da aka ɗauke shi aka sa a jirgi. Kullum da safe kafin in hura wutar banda nakan hau tudun in duba. Jirage suna wucewa ta gefen sandunan kamar da, sai dai ba mai ɗaga hannu. Sassautawa suke yi, su leƙa cikin ciyawar.